Darasin Kimiyya: Me Ke Korar 'Yan Kallo Daga Filin Ƙwallo?

Ɗalibai, darasin yau a filin ƙwallo za mu yi shi, sai dai ba 'yan wasa za mu kalla ba. Baya za mu ba su, mu fuskanci masu kallo. Tambayarmu ɗaya ce: me ke sa filin da a da ba masaka tsinke ya wayi gari daga mai sayar da rake sai yara 'yan tsirarun da ke jiran ƙwallo ta fita su ɗauko? Ku tambayi kowace majalisa a garin nan na Birnin Gwari, amsar da za a ba ku ita ce, "Ai ƙungiyar ce ba ta ci." Akwai gaskiya a ciki. Amma ɗan kimiyya ba ya karɓar amsa don kawai ta yi daɗin faɗa. Zai ƙirga, ya ware dalilai ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanne ne ke ɗauke da nauyin. Ku buɗe littafinku.

Mataki na farko: a ƙirga tukuna

"Fili ya cika" da "ba kowa" ba ma'auni ba ne, ra'ayi ne. A manyan filaye akwai tikiti, sai a ƙirga. A filin gari irin namu, inda igiya ce kaɗai ta raba 'yan wasa da jama'a, wasu na kan katanga wasu na kan reshen darbejiya, dabara ake yi. Wani malamin aikin jarida a Amurka, Herbert Jacobs, ya fitar da hanya mai sauƙi a shekarun 1960: ka auna faɗin wurin da mutane suka tsaya, ka ninka da yawan mutanen da ke cikin kowace murabba'in mita. Idan taro ya sake, kusan mutum 1 ne a murabba'in mita. Idan ya matsu, kimanin 2. Idan ya kai ana gogar kafaɗa, 4.

Mu gwada a allo. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105, faɗinsa mita 68. Kewayensa ke nan mita 346. A ce mutum 2 ne ke tsayawa a kowace mita ta bakin igiya, sahu ɗaya ya ba mu kusan mutum 700. Ranar wasan ƙarshe na gasar unguwanni, idan sahu 3 ya zagaye fili, kun ga an haura mutum 2,000. Ranar da sahu ɗaya ma bai rufe rabin fili ba, ba su kai 350 ba. Yanzu muna da abin kwatantawa. Ku lura da tarko ɗaya: kada ku kwatanta wasan ƙarshe na bara da wasan share fage na bana ku ce jama'a sun ragu. Ana kwatanta abu da irinsa, rana da irin ranarta.

Mataki na biyu: abin da ci da rashin ci ke yi wa jiki

Mai goyon baya ba ya taɓa ƙwallo, amma jikinsa na amsawa kamar shi ya buga. A wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta 1994, tsakanin Barazil da Italiya, wasu masu bincike a Amurka sun gwada yawun magoya bayan ɓangarorin biyu kafin wasa da bayansa. Sinadarin testosteron, wanda ke da alaƙa da karsashi da jin kai ne a sama, ya ƙaru a jikin magoya bayan Barazil da ta ci, ya ragu a jikin na Italiya. Saboda haka mutumin da ya dawo gida jiki a sanyaye bayan an lallasa ƙungiyarsa ba shagwaɓa yake yi ba.

Kafin nan, a 1976, Robert Cialdini da abokan aikinsa sun sa ido a kan ɗaliban wasu jami'o'in Amurka. Sun ga ranar Litinin da ta biyo bayan nasara, masu sanya rigar makarantarsu sun fi yawa. Sun kuma lura da bakin mutane: idan an yi nasara sai a ce "mun ci", idan an sha kashi sai a ce "an cinye su". Ku saurari magoya bayan Arsenal ko Manchester United a teburin mai shayi gobe da safe, za ku ji wannan da kunnenku.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba nasara tsagwaronta take bi ba. Akwai wani sinadari a cikinta da ake kira dofamin, shi ke sa mutum ɗokin abu. Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun yi gwaji da birai, suna ba su ruwan zaƙi bayan wata alama. A sakamakon da suka wallafa a 2003, sun nuna cewa ƙwayoyin da ke fitar da dofamin sun fi ɗaukar zafi lokacin jira idan samu da rashi suka yi kunnen doki, wato rabi da rabi. Idan biri ya tabbata zai samu, ko ya tabbata ba zai samu ba, wannan zafin jiran sai ya kwanta. Masanin tattalin arziki Simon Rottenberg ya riga ya faɗi makamancin haka tun 1956, a rubutunsa kan wasan besbol: jama'a na biyan kuɗi ne su kalli abin da ba su san ƙarshensa ba. Masu bincike na baya sun yi masa ɗan gyara, suka ce mai kallo a gida ya fi son ma'auni ya ɗan rinjaya wajen ƙungiyarsa. Abin da za ku riƙe shi ne: rashin nasara ba ya korar mutum kamar yadda tabbacin rashin nasara ke korar sa.

Mataki na uku: mu gwada amsar majalisa

Besbol wasa ne na kulki da ƙaramar ƙwallo da Amurkawa ke ji da shi. Mun ɗauko shi ne don sun daɗe suna rubuta yawan 'yan kallon kowane wasa, kuma kowace ƙungiya na buga wasa 162 a kaka, kusan 81 a gida. Ƙungiyar Oakland Athletics ta jihar Kalifoniya ta ci kofin ƙasar a 1989, a 1990 kuma kimanin mutum miliyan 2.9 suka shiga filinta. A 2022 ta yi nasara 60, aka doke ta sau 102, 'yan kallo suka sauko zuwa 787,902, ƙasa da na kowace ƙungiya a gasar. Ku raba wannan da 81, za ku ga bai kai 10,000 a wasa ba. A wani wasa na watan Mayun shekarar, ba su kai mutum 3,000 ba.

Har nan majalisa ta yi gaskiya. To ku ƙara duba. A 2019 ƙungiyar ta yi nasara 97, tana cikin na gaba-gaba, amma masu kallonta ba su kai miliyan 1.7 ba. A 2023 ta fi 2022 lalacewa, nasara 50 rashin nasara 112, amma 'yan kallo suka ɗan ƙaru. Da rashin ci ne kaɗai dalili, da waɗannan lambobi biyu ba su fito haka ba. Me ya shiga tsakani? Filin ya tsufa. An sayar da fitattun 'yan wasa kafin kakar 2022, aka kuma ƙara kuɗin tikiti. Mai ƙungiyar, John Fisher, yana shirin kwashe ta zuwa Las Vegas. Ranar 13 ga Yuni, 2023, magoya baya suka haɗa baki suka zo su sama da 27,000, don kawai su nuna cewa suna nan, mai ƙungiyar suka ƙaurace wa. A wasan bankwana da Oakland a Satumbar 2024, sama da mutum 46,000 suka cika filin.

Ku rubuta wannan doka ku ja mata layi: abubuwa biyu su tafi tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. A Oakland, rashin ci da rashin 'yan kallo duk 'ya'yan abu na uku ne, wato yadda ake tafiyar da ƙungiyar.

Mataki na huɗu: nawa ne kuɗin zuwa?

Yanzu mu dawo gida. Kowane mai kallo yana da ma'auni a ransa, ko da bai san yana da shi ba. A gefe ɗaya daɗin da yake sa ran samu. A ɗaya gefen abin da zuwan zai ci masa: kuɗin shiga, kuɗin mota, aikin da zai bari, da kuma tsoro. Mutane kan manta da na ƙarshen nan a littattafan da aka rubuta a wasu ƙasashe, mu kuwa ba sai an tuna mana ba.

Jihar Kaduna ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu a 1988, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta, a 1989 kuma ta ɗauki kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. Daga nan Daniel Amokachi ya tashi zuwa Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Kaduna United ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2010, bayan ta doke Enyimba a bugun fenariti. Daga baya duka biyun suka faɗa rukunin ƙasa, filin wasa na Ahmadu Bello ya koma shiru a mafi yawan ranakun Lahadi. Za a iya cewa mutanen Kaduna sun daina son ƙwallo? Ga gwaji. A watan Maris na 2016 Najeriya ta karɓi Masar a filin nan, aka tashi 1-1. Filin da aka ƙayyade wa kujeru kimanin 16,000 ya ɗauki abin da aka ƙiyasta ya kai mutum 40,000, har da masu hawa ƙarfen fitila da allon nuna ci, sai da hukumar ƙwallon Afirka ta ci Najeriya tara. Sha'awar tana nan. Abin da ake kawo mata ne ya ragu.

Ɗan Birnin Gwari da ke son ganin irin wannan wasa kuma yana da lissafi na daban. Tsakaninsa da Kaduna kimanin kilomita 120 ne, ta Udawa da Buruku, hanyar da ta shafe shekaru matafiya na haɗa ayari suna jiran rakiyar jami'an tsaro saboda 'yan bindiga. Wasan da za a tashi dab da magariba yana nufin kwana a Kaduna. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi har da tamu, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya daga ƙarshen Satumba. Ku yi tunanin saurayi a Randagi ko Kuyello da ke son zuwa kallon wasa a cikin gari a wannan lokaci: ba babur, ba wayar da zai ji ko za a buga. Ko ƙungiyarsa na cin kowa, ma'auninsa ya riga ya karkata. Sannan bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin 2024 ta ƙare.

Akwai kuma kishiya. Ku leƙa gidan kallo ranar Asabar da yamma: rumfar kwano, bencina a jere, allon baƙi a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, inji na ruri a baya, talabijin biyu ko uku kowace da wasanta, yaro na bi da kwano yana karɓar kuɗin shiga. Da ɗan canjin da bai kai kuɗin mota zuwa Buruku ba, mutum zai ga gasar Firimiyar Ingila yana taku kaɗan daga gidansu. Masana tattalin arziki na kiran wannan madadi. A ganina zagin matasa da cewa sun fi son na Turawa ɓata yawu ne. Lissafi suka yi, kuma lissafin ya fito.

Mataki na biyar: taro ke kiran taro

Wannan shi ne zuciyar darasin, ku natsu. Mutum ba don wasa kaɗai yake zuwa fili ba, yana zuwa ne don wasu za su zo. A 1978 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya bayyana cewa kowane mutum yana da adadin da yake jira ya gani kafin ya shiga abin da jama'a ke yi. Mu kira shi mizanin mutum.

A ce samari 10 ne a majalisa ɗaya. Na farko mizaninsa 0, ko shi kaɗai ne zai je. Na biyu mizaninsa 1, sai ya ga mutum ɗaya ya miƙe. Na uku 2, na huɗu 3, haka har na goma mai mizani 9. Me zai faru? Na farko ya miƙe, na biyu ya gan shi ya bi, na uku ya ga biyu ya bi, kafin ka ce kwabo majalisa ta watse zuwa fili. Mutum 10 cif.

Yanzu mu taɓa abu ɗaya tak. Na biyu ya tafi ci-rani, ko ya koma haƙar zinariya a daji, ko mahaifinsa ya hana shi fita bayan la'asar. Na farko ya miƙe. Na uku yana jiran mutum 2, ɗaya ya gani, ya gyara zama. Duk sauran suka zauna. Mutum 1 ya je. Mutum ɗaya muka cire, amma 9 muka rasa, alhali 8 daga cikinsu son ƙwallonsu bai ragu ko ƙwayar zarra ba. Shi ya sa raguwar 'yan kallo ba ta cika tafiya sannu a hankali ba. Takan yi kamar ba komai, sai rana ɗaya ta rufta.

Masana halittu sun san wannan a daji. Warder Clyde Allee ya nuna a shekarun 1930 cewa akwai dabbobin da idan yawansu ya sauka ƙasa da wani adadi, ƙarancin da kansa ke ƙara rage su. Gandun dajin Kamuku da ke ƙasarmu ta Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,120, an san shi da dabbobin garke irin su gwanki da kanki. A garken gwanki 30, idanu 60 ke gadi, kowa na samun lokacin kiwo, kuma idan maharbi ya ɗauki ɗaya, rabon kowanne 1 cikin 30 ne. A garke na 4 kuwa, kowa rabin lokacinsa kai a sama, ba ya ƙoshi, rabonsa na halaka 1 cikin 4. Lissafin da direbobinmu suka yi ke nan da suke ƙin shiga hanyar Kaduna su kaɗai.

Doka ɗaya ce ke aiki idan za a dawo. Kasuwar shanun garin nan ta yi shekaru kusan 10 a rufe, sai a ƙarshen Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe ta bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga. Buɗe ƙofa kaɗai ba ya cika kasuwa. Mai shanu yana jiran ya ji fatake sun zo, fatake na jiran su ji an kawo shanu, direban tirela na jiran duka biyun. Sai masu ƙaramin mizani sun fara, sun je sun dawo lafiya, sannan na bayansu ke motsawa. Mai son cika filin ƙwallo, waɗannan na farkon zai nema, ba taron gaba ɗaya ba.

Mataki na shida: filin da ya bushe yana ramawa a kan ƙungiya

Mun ce rashin ci na rage jama'a. Shin rashin jama'a na rage ci? Mu fara da sauti. Ana auna ƙarfinsa da desibel, kuma ba ya haɗuwa kamar kuɗi. Idan masu ihu suka ninka biyu, desibel 3 kawai ke ƙaruwa. Idan suka ninka 10, desibel 10, wanda kunne ke ji kamar ƙarar ta ninka biyu. Daga mutum 100 zuwa 10,000 ke nan desibel 20, kunne ya ji kamar ninki huɗu. A sarari kuma, duk lokacin da nisa daga mai ihu ya ninka biyu, desibel 6 ke zubewa. Don haka mutum 500 a bakin igiya na iya damun alƙalin wasa fiye da dubbai a can saman bene.

Alƙalin wasan kuwa yana ji. A 2002 Alan Nevill da abokan aikinsa a Ingila suka nuna wa alƙalan wasa 40 hoton bidiyon karon 'yan wasa daga wasan Liverpool da Leicester. Wasu sun kalla da hayaniyar jama'a, wasu shiru. Waɗanda suka ji hayaniya sun hura wa masu masaukin baƙi laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin 100. Annobar korona ta zo ta yi gwajin a fili na gaske. Da gasar Jamus ta dawo ba 'yan kallo a Mayun 2020, nasarar masu gida ta sauka daga sama da kashi 40 zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku a ragowar kakar. Da aka haɗa wasanni dubbai daga ƙasashe da yawa, sai aka ga fifikon gida ya ragu amma bai ɓace ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne raguwar katin gargaɗi da ake ba baƙi.

Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta shekara 12 ba a doke ta a Kano a gasar ƙasa ba, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Ta ɗauki kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014. Bayan korona ta koma buga wasannin gidanta a Kaduna, nesa da taron filin Sani Abacha. Da ta dawo Kano a Afrilun 2022, rikici ya tashi a wasanta da Katsina United, aka sake kore ta daga gida, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa. Kada ku yi saurin cewa rashin 'yan kallo ne ya jefa ta, kun dai tuna dokar da kuka ja wa layi, akwai cire maki da sauran matsaloli a ciki. Sai dai zagayen a bayyane yake: ba ci, jama'a su ragu, kuɗin ƙofa da karsashi su ragu, ci ya ƙara wuya. Ana kiran irin wannan zagaye mai ciyar da kansa. Zan ƙara da ra'ayina: gasar da kowa ya san mai gida ne zai ci, ko ta wace hanya, ita ma tana kashe zafin jiran nan da muka gani a gwajin birai.

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum 5 kowanne. Ku zaɓi fili ɗaya a cikin gari, ba wajen gari ba, da iznin iyayenku. A wasanni 4 a jere, ku auna yawan 'yan kallo da hanyar Jacobs minti 20 bayan take wasa. Kowace rana ku rubuta: wace rana ce, ranar kasuwa ce ko a'a, an yi ruwa ko ba a yi ba, wane wasa ake nunawa a gidan kallo a daidai lokacin, da sakamakon wasan ƙungiyar na baya. Sannan kowannenku ya tambayi mutum 10 da ba su zo ba tambaya ɗaya: "Abokanka nawa za su tafi kafin kai ma ka bi?" Kada ku rubuta sunan kowa, lambar kawai. Ku jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, ku nemo inda sarƙar ta tsinke. Za a kawo ranar Litinin ta mako na biyar, a takardar zane mai gida-gida.